Tsakanin ƙwai da tsuntsu: shin ƙyama hujja ce?

A ƙasar Filipin, wadda tarin tsibirai ce fiye da 7,000 a kudu maso gabashin Asiya, akwai wani abinci da ake kira balut. Ƙwan agwagwa ne da ake bari cikin ɗumi har kwana 17 ko 18, ɗan ciki ya fara zama tsuntsu, sa'an nan a dafa shi da ɓawonsa a ci da gishiri. Wanda ya fasa zai tarar da romo, da gwaiduwa, da ɗan agwagwa a dunƙule, har ana gane kansa da gurbin idonsa da bakinsa da bai riga ya yi tauri ba. Na san mai karatu ya riga ya yamutsa fuska. To, wannan yamutsewar fuska ce nake so mu zauna mu bincika, domin takan zo da sauri kafin tunani, kuma takan zo da ƙarfin hukunci, kamar alƙalin da ya yanke shari'a bai saurari kowa ba. Shin akwai wani sani cikinta wanda hankali zai tabbatar daga baya, ko kuwa sabo ne kawai ya naɗa rawanin gaskiya?

Kafin a yi wa abu hukunci ya kamata a san shi. Irin agwagwar da suke kiwo, wadda suke kira itik, ƙwanta kwana 28 yake yi kafin ya ƙyanƙyashe. Tamu ta gida mai jan fuska takan kai kwana 35. Masu wannan sana'a ba su barin uwa ta yi kwanci. A tsohuwar hanya sukan jera ƙwai cikin manyan kwanduna na gora, su sa ƙunshin shinkafar da ba a casa ba, wadda aka ɗumama, a tsakanin jeri da jeri, su kewaye kwandunan da ɓuntu don kada zafin ya tsere, suna juya ƙwan kullum. Yau injin ƙyanƙyasa ya karɓi mafi yawan aikin. Bayan wasu kwanaki sai a haska kowane ƙwai da fitila cikin ɗaki mai duhu: wanda jijiyoyin jini suka bayyana cikinsa a mayar da shi ɗumi, wanda bai kama ba a ware shi, a dafa, a sayar da araha da sunan penoy. Kalmar balut a harshen Tagalog tana nufin abin da aka naɗe, kuma wanda suka fi darajantawa shi ne na wajen kwana 17, lokacin da ɗan agwagwar ke naɗe cikin farin ƙwai, gashi bai fito sosai ba, ƙashi bai yi ƙwari ba. Mutanen Biyetinam da Kambodiya su ma suna ci, sai dai na Biyetinam sun fi son wanda ya kai kwana 19 zuwa 21. Masu bincike da yawa suna ganin fataken ƙasar Sin ne suka kawo dabarar.

Garin da ya yi suna da balut shi ne Pateros, a gefen Manila. Tun daga shekarun 1970, da birni ya cinye fili, ruwan kogi ya gurɓace, katantanwar da agwagi ke ci ta ɓace, kiwon ya koma lardunan Laguna da Bulacan da Pampanga, amma sunan ya tsaya wa Pateros. Abincin dare ne. Da faɗuwar rana mai talla zai fito da kwando rufe da tsumma don kada ƙwai ya huce, yana jan kira cikin unguwa, masu saye kuwa direbobi ne da ma'aikatan dare da ɗalibai da masu zaman hira, kusan matsayin da mai shayi da mai tsire ke da shi a tashoshinmu. A fasa gefen da ya fi faɗi, a kurɓe romon, a barbaɗa gishiri ko a zuba binegar da barkono, a cinye saura, a yar da wani ɓangare na farin mai tauri da suke kira bato, wato dutse. Su kansu mutanen Filipin suna da barkwanci cewa don kada a ga abin da ake ci ne ake sayar da shi cikin duhu, kuma akwai ƴaƴansu da yawa da ke shan romo su ci gwaiduwa su bar ɗan tsuntsun. Ashe ko a gidansa abin yana da masu kau da kai.

Idan mutum ya ƙi wani abinci, da wuya ya ce ƙinsa kawai yake yi; sai ya fake da likita, ya ce yana sa ciwo. Mai sonsa kuma ya ce magani ne. Bari mu ga abin da ke cikin ɓawon. Bisa ma'aunin ma'aikatar noma ta Amurka, giram 100 na ƙwan agwagwa yana ɗauke da kalori 185, da furotin mai gina jiki kusan giram 13, da kitse kusan giram 14, ga sinadarin ƙarfe da bitamin A da B12. Abinci ne mai ƙarfi ƙwarai ga talakan da nama ya fi ƙarfin aljihunsa. Amma a lura da wani abu da hankali kaɗai ya isa ya nuna: tun ranar da agwagwa ta saka ƙwai, babu wani abinci da ke ƙara shiga cikinsa. Iska ce ke shiga ta ƙananan ƙofofin ɓawo, ruwa yana fita, ɗan tayin yana ƙona kitsen gwaiduwa don ya rayu. Abin da ke faruwa cikin kwana 17 ɗin nan juyi ne: fari da gwaiduwa suna komawa tsoka da jini da guringuntsi. Ƙari ɗaya da aka sani shi ne kalsiyum, wanda ɗan tayin ke tsotsa daga ɓawo don gina ƙashinsa. Saboda haka abin da aka daɗe ana faɗi a Filipin, cewa balut yana ƙarfafa gwiwa yana ƙara wa namiji kuzari, ba shi da wani tushe da ya wuce na kowane dafaffen ƙwai da mai yunwa ya ci. Mu da muka san kasuwar maganin maza a ranar cin kowace kasuwa ba mu da bakin yi musu dariya.

Wajen illa kuma, abu biyu ne tabbatattu. Ƙwan agwagwa ɗaya mai giram 70 yana da kolastarol wajen miligiram 620, alhali babban ƙwan kaza bai kai 200 ba. Masana sun sassauta a kan wannan: a 2015 Amurka ta cire iyakar miligiram 300 a yini daga jagorar abincinta, domin hanta ce ke ƙera mafi yawan kolastarol da ke cikin jini. Duk da haka mai ciwon zuciya ko ciwon sukari da ke cin uku ko huɗu kowane dare, ga gishiri a kai, yana yi wa kansa ganganci. Na biyu shi ne ƙwayoyin cuta. Ɗumin da ke raya ɗan agwagwa, wato kusan digiri 38 zuwa 40, shi ne kuma ɗumin da ƙwayar salmonela ta fi so. Dafuwa mai kyau ta minti 20 zuwa 30 tana kashe ta, amma ƙwan da ya kwana cikin kwando, ba zafi ba sanyi, yana iya jawo zawo da amai kamar kowane abincin titi da aka bari ya huce. Iyakar abin da likita zai ce ke nan. Bai ba mai ƙyama gaskiya ba, bai ba mai yabo ba.

Tun da maganar ƙwai da lafiya ake yi, akwai wata ratsa da ba zan ƙi yi ba. A ƙauyuka da yawa na ƙasarmu har yanzu ana hana yaro ƙwai, wai zai koyi sata, ana hana mai ciki ma. Sai a kwashe ƙwan zabi na damina a kai kasuwa, ɗan gida yana kallo. Wannan a ƙasar da binciken abinci na shekara-shekara ya sha nuna cewa fiye da kashi 40 cikin 100 na yara ƴan ƙasa da shekara 5 ba su kai tsawon da ya dace da shekarunsu ba. A Biyetinam akasin haka ne, mai ciki ake ƙarfafa wa gwiwa ta ci balut. Cikin al'adun nan biyu, wadda ta fi cutar da jiki ba ita ce wadda ta fi tayar mana da zuciya ba.

To daga ina ƙyamar ke fitowa? Wata masaniyar al'adu ƴar Ingila, Mary Douglas, ta nuna cikin littafinta na 1966 cewa al'ummomi sukan ƙyamaci abin da ya ƙi zama cikin rukuni ɗaya, wanda ya tsaya a kan iyaka. Balut kuwa nan ya tsaya: ya wuce ƙwai, bai kai tsuntsu ba. Wasu kuma suna cewa fuskar ce matsala, domin Bature na birni ya saba da naman da aka yanka aka naɗe cikin leda, babu kai babu ido, har ya manta da rai aka ɗauka. Wannan bayani ya dace da Bature, amma bai dace da mu ba. Mu muna yanka ragon layya a ƙofar gida yara suna tsaye, muna cin kai da ƙafa, ido bai taɓa hana mu ba. Ina ganin tamu ƙyamar daga akurki ta fito. Duk wanda ya tashi a gidan da ake kiwon kaji ya san baragurbi, ya san warinsa idan ya fashe. Duk wanda ya taɓa sayen ƙwan zabi ya san yadda ake ɗaga shi a duba da hasken rana ko a jefa shi cikin ruwa, domin ƙwan da aka fasa aka ga jini ko tsako cikinsa alama ce ta an cuce ka. A wurinmu tsako cikin ɓawo yana nufin ɓarna da asara. Hancinmu ya koyi darasi na gaskiya, amma darasin ya shafi ƙwan da ya mutu ya ruɓe ƙarƙashin kaza. Balut ƙwai ne da aka lura da shi kwana da kwanaki, aka haska shi aka tabbatar da ransa, aka dafa shi a ranar da aka zaɓa. Ƙyamarmu ta ga kama, ta ɗauka shi ne.

Da a ce ƙyama tana tsayawa ga abinci, da ba ta cancanci dogon rubutu ba. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Matsalar ita ce takan tsallake daga kwano ta hau kan mai kwanon. A 1904, shekara shida bayan Amurka ta karɓe Filipin daga hannun Sifaniya, an kai mutanen tsibiran fiye da 1,000 babban bajekolin duniya na birnin St. Louis, aka zaunar da su cikin bukkoki don ƴan kallo. Ƙabilar Igorot, waɗanda a gida sai a wasu bukukuwa suke yanka kare, aka riƙa sa su yi haka a kai a kai a gaban jama'a, domin mai kallo ya koma gida da yaƙinin cewa irin waɗannan mutane ba su isa mulkin kansu ba. Bayan kusan shekara ɗari, a farkon shekarun 2000, shirye-shiryen talabijin na Amurka irin su Fear Factor da Survivor suka mayar da balut abin gwajin jarumta: a aje shi gaban mai gasa, yana kakarin amai, ana tafi, ana ba da kyautar kuɗi. Abincin daren direban Manila ya zama horo. Mu ma mun ɗanɗana irin wannan. Farar da ake soyawa da yaji ana sayarwa tiya-tiya a kasuwannin Maraɗi da Damagaram da Yamai ta daɗe tana cikin abubuwan da baƙo ke ɗaukar hotonsu don ya ba mutanensa mamaki. Sai ga shi a 2013 hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto tana yabon cin ƙwari, a 2021 kuma Tarayyar Turai ta halatta sayar da fara a matsayin abinci. Farar ba ta canza ba ko kaɗan.

Masu falsafa sun yi jayayya a kan wannan. A 1997 Ba'amurke Leon Kass ya kare ra'ayin cewa ƙyama mai zurfi wata hikima ce da ta riga hujja zuwa, kuma al'ummar da ta daina jin tsigar jiki ta yi asarar wani abu. Martha Nussbaum ta mayar masa da martani cikin littafinta na 2004, ta ce tarihi ya nuna da ƙyama aka riƙa ware mutane ana ƙasƙantar da su, don haka ba za a gina doka ko hukunci a kanta ba. Na fi karkata ga Nussbaum, ko da yake Kass bai yi kuskure gaba ɗaya ba: ƙyama tana iya zama kamar haushin kare cikin dare, ya kamata a tashi a duba, amma haushin bai nuna ko ɓarawo ne ko iska. Sai dai mai karatu na ƙasar nan bai buƙatar zuwa Amurka don ya sami wannan rarrabewa, tana cikin karatun zaure. Buhari da Muslim da Muwaɗɗa duk sun kawo labarin ranar da aka kawo wa Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, gasasshen damo a ɗakin Maimuna. Da aka gaya masa ko mene ne sai ya janye hannunsa. Halidu ɗan Walidu ya tambaya ko haram ne, ya amsa cewa ba haram ba ne, sai dai babu shi a ƙasar mutanensa, shi ya sa ransa bai karɓe shi ba. Halidu ya jawo ya ci, yana kallonsa. Ga mutumin da kalmarsa ɗaya ta isa ta zama shari'a, amma ya ƙi mayar da ƙin ransa doka, har ya faɗi asalinsa a fili: rashin sabo.

Wani zai ce, shi ke nan, kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, a rufe magana. A nan ne ban yarda ba. Idan ƙyama ba hujja ba ce, wannan bai nuna cewa babu wata hujja ba.

Ga Musulmi akwai ta addini, kuma a sarari take. A mazhabar Malikiyya, Muhtasar na Halil ya sa ƙwai cikin abubuwa masu tsarki, ya cire wanda ya ɓaci, masu sharhi kuma suka lissafa cikin ɓataccen har da wanda ya koma jini ko tsoka ko mataccen tsako. Abin da ya yi siffa ya mutu ba da yanka ba, mushe ne. Musulmin Filipin, waɗanda ƙidayar 2020 ta nuna sun kai kimanin kashi 6 cikin 100, mafi yawansu a Mindanao da tsibiran Sulu, da yawansu ba su cin balut saboda wannan. Amma a duba bambancin hani da ƙyama. Hani yana da dalilin da za a faɗa, a koyar, a tattauna, kuma iyakarsa ya ce da wanda ya yi imani da shi kada ya ci. Ƙyama ce ke ƙara cewa mai ci ƙazami ne. Malamin da ke gaban ɗalibai yana iya faɗin na farko ba tare da ya koya musu na biyu ba, kuma yara suna saurin gane wanne ne ke cikin muryarsa.

Ɗaya hujjar ta shafi kowa, mai addini da marar shi, kuma ita ce ta fi hana ni sakewa. Ɗan agwagwar nan da ransa ake jefa shi cikin tafasasshen ruwa. Yana jin zafi? Shekarun baya da sai a ce wa ya sani. Yanzu an fara sani. Wani bincike da gwamnatin Jamus ta sa aka yi a Jami'ar Fasaha ta Munik, wanda ya fito a 2023, ya nuna cewa ƙwaƙwalwar ɗan tsakon kaza tana fara aikin da za a iya aunawa daga kwana na 13, kuma daga nan ba za a iya kore yiwuwar jin zafi ba. A kan haka dokar Jamus, tun 1 ga Janairu 2024, ta hana gidajen ƙyanƙyasa halaka ƙwan da aka gano namiji ne daga kwana na 13. Kaza kwana 21 take yi, agwagwa 28. Idan muka yi ƙiyasi, kuma ƙiyasi ne kawai domin ba a kan agwagwa aka yi binciken ba, kwana 13 na kaza yana faɗawa wajen kwana 17 na agwagwa, daidai ranar da mai balut ke ɗora tukunya. Dokar Ingila kan gwaji da dabbobi kuma tana ba ɗan tsuntsu kariya idan ya cika kashi biyu cikin uku na kwanakinsa, wato wajen kwana 19 ga agwagwa: na Filipin ya tsira da ƙyar, na Biyetinam ya shiga ciki.

Ɗan Filipin yana da amsa mai zafi ga Baturen da ya zo masa da wannan. Kafin hanin da ya fara aiki a 2023, Faransa kaɗai tana halaka ƴan tsaki maza kimanin miliyan 50 kowace shekara, ranar da suka ƙyanƙyashe, idonsu biyu, don ba su yin ƙwai. Ita ce kuma ƙasar da ke ɗura wa agwagi masara da mazurari har hantarsu ta kumbura, ta kuma rubuta cikin dokarta a 2006 cewa wannan hanta gadon al'adarta ce. Laifi tudu ne, gaskiya. Mu ma idan muka ce za mu yi magana, za a nuna mana kajin da ake ɗaure wa ƙafa a rataye su kai ƙasa a bayan babur, daga ƙauye har kasuwa cikin zafin bazara. Amma munafuncin mai ƙara bai wanke wanda ake ƙara ba, kuma ɗan agwagwar da ke cikin tukunya bai san Faransa ba. A ganina, wanda ya ce cin balut dabbanci ne ya yi zalunci, wanda kuma ya ce al'ada ce don haka babu tambaya ya yi ragwanci. Tambayar tana nan, ƙarama ce kuma takamaimai: kwana nawa, kuma ta wace hanya aka ɗauki ran.

Tun da ƙarama ce, tana da gyara wanda bai buƙatar kowa ya bar abincin kakanninsa. Ƙwan kwana 14 ko 15, wanda dama akwai masu sonsa a Filipin, yana ƙasa da iyakar da binciken ya nuna. Na kwana 20 ya wuce ta. Ƙungiyar likitocin dabbobi ta Amurka kuma, cikin jagorarta ta 2020, ta yarda cewa ƙwan da bai kai kashi 80 cikin 100 na kwanakinsa ba ana iya tsayar da ransa ta hanyar sanyaya shi ƙasa da digiri 4 na tsawon awa 4, abin da za a iya yi kafin a kai shi ga wuta. Sai dai firji yana son lantarki, lantarki yana son kuɗi, ribar mai kwando a kan kowane ƙwai kuwa ƴar kaɗan ce. Idan za a nemi wannan gyara, a manyan gidajen ƙyanƙyasa na Laguna da Pampanga ya kamata a fara nemansa, inda ƙwai ke fita dubu-dubu, tun kafin ya iso hannun mai yawo da kwando cikin dare.